Trump ya kira sunan Brunelleschi, amma bai san aikinsa ba

Tun ranar 28 ga Agustan 2025 da Donald Trump ya sake sa hannu a umarnin nan nasa kan gine-ginen gwamnatin tarayyar Amurka, abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ba dawo da umarnin ba ne. Kowa ya san ya fara kafa shi a Disambar 2020, Biden ya soke a Fabrairun 2021, yanzu kuma an sake ɗauko shi daga kwandon shara. Abin da ya dame ni sunayen da aka jera a ciki ne. Don a bayyana irin ginin da umarnin ya ce a fifita a Washington, sai aka kafa hujja da Alberti da Brunelleschi da Michelangelo da Palladio, manyan maginan zamanin Farfaɗowa na Italiya. Wato an mayar da su shaidun cewa gini mai kyau shi ne mai ginshiƙai irin na Girka da Rum, a jera a gaba, shi ke nan.

Wanda ya rubuta wannan umarni bai taɓa hawa kubbar da Brunelleschi ya gina a birnin Florence na Italiya ba, ko kuwa ya hau idonsa a rufe.

A 1296 aka aza harsashin babban cocin birnin. Ƙungiyar masu sana'ar ulu ce ta karɓi ragamar aikin daga baya, kuma a 1367 aka amince da fasalin wata kubba da babu mai rai a lokacin da ya san yadda za a gina ta. Faɗinta kusan mita 45, kuma sai an tashi sama da mita 50 daga ƙasa kafin ma ta fara. Al'adar magina ita ce a kafa matokarin katako a ƙasa, a ɗora ginin a kai har ya kama. To ina za a samo katakon da zai cike wannan rami? Shekara da shekaru saman cocin yana buɗe. A 1418 aka sa gasa, da ladan fulorin 200 na zinari, aka ce duk mai dabara ya kawo. Wanda ya yi nasara, Filippo Brunelleschi, asalinsa maƙerin zinari ne, wanda ya sha kaye a gasar ƙofofin tagulla ta 1401 a hannun wani maƙeri mai suna Ghiberti.

Ku dubi abin da ya yi. Kubbar ba ɗaya ba ce, biyu ce, wata cikin wata, da fili a tsakani. Ta nan ne masu yawon buɗe ido ke bi yau, matakala 463, kafaɗa na gogar bango. A wasu wurare idan ka tsaya ka duba, za ka ga jan bulon ba a kwance yake duka ba: ana jera na kwance, sai a tsayar da wani, jerin yana karkacewa sama kamar ƙayar kifi. Wannan ne ya sa kowane zagaye ke riƙe kansa kafin a rufe shi, ba tare da an tokare daga ƙasa ba. Ya ɗaure cikin ginin da sarƙoƙin dutse kamar yadda ake ɗaure ganga, don kada nauyi ya buɗa shi. Ya ƙera na'urar ɗaga kaya da shanu ke juyawa, mai giyar komawa baya, ta yadda ba sai an kwance shanun an juya su ba in za a sauke kaya. Bulo sama da miliyan 4, daga 1420 zuwa 1436. Kuma kubbar mai tsini ce, ba ta yi kama da ta Pantheon da ke Rum ba, wadda rabin ƙwarya ce ta kankare. A cikin wannan duka, wane abu ne aka kwafo? Wane umarnin shugaba ne zai haifar da shi?

Ban ce maginan nan ba su koma ga Rum ba. Sun koma, har sun yi ta auna kangayenta, kuma bayan an gano cikakken kwafin littafin Vitruvius, magini na tsohuwar Rum, a wani gidan ibada a Suwizalan a farkon ƙarni na 15, sun karance shi tsaf. Amma abin da suka ɗebo awo ne. A gidan marayun da Brunelleschi ya fara a 1419, tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi daidai take da tsawon ginshiƙin, shi ya sa ido ke hutawa ko mutum bai san dalili ba. Michelangelo kuwa, da ya ga dama, sai ya tura ginshiƙai cikin bango a ɗakin karatun Laurentian da ke Florence, abin da tsohuwar ƙa'ida ba ta yarda da shi ba. Palladio, wanda littafinsa na 1570 ya kai har hannun Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, yawancin gidajen da ya zana gidajen gona ne, da rumbuna da wurin dabbobi a fikafikansu, kuma da bulo ya gina ya shafe, saboda dutse da tsada. Mutanen da suka yi ta karya abin da suka tarar, su ne yau aka naɗa dogaran al'ada.

Mun ma san ƙarshen wannan tunani, don yana nan a unguwannin masu kuɗi na Abuja da Kano. Ginshiƙi siriri kamar sandar rake, an ja shi hawa biyu, an ɗora masa kan da aka zuba a mazubin siminti, ka ƙwanƙwasa wani ka ji yana amsawa kamar kalangu. Mai gida ya ce Rum yake so, magini ya ba shi.

Masu kare umarnin suna cewa jama'a sun fi son irin wannan gini a kan akwatunan kankare na shekarun 1960. To, ƙin mummuna bai taɓa koya wa kowa awo ba. Su kuma maginan zamani da ke ihun kama-karya duk lokacin da suka ga ginshiƙi, su fara bayyana mana yadda suka cika birane da gine-ginen da ba mai son tsayawa a inuwarsu.

In da gaske ake son gadon mutanen nan, hanyar a bayyane take: a faɗi matsalar, a faɗi kuɗin, a buɗe gasa, a bar ƙofa ga wanda ba shi da takardar magini. Masu ulun Florence haka suka yi, duk da sun yi ta jan ƙafa, har suka haɗa Brunelleschi da abokin hamayyarsa Ghiberti a kan aikin don ba su gama yarda da shi ba. Da ya mutu a 1446, a cikin cocin suka binne shi.