Kafin a kwashe lakar Bahar Maliya, a san masu zama a cikinta

Jirgin da ke ɗauko mutanenmu daga Sawakin zuwa Jidda yana ratsa teku ne ba nesa da wani rami da ido ba ya gani daga sama. Zurfinsa ya haura mita 2,000, ana kuma kiransa Atlantis II, sunan jirgin binciken Amurka da ya auna shi a 1965. A gindinsa wani ruwa mai nauyi ya kwanta, ba ya gauraya da na sama. Gishirinsa ya ninka na teku kusan sau bakwai, zafinsa ya kai digiri 68, babu haske, babu iskar shaƙa.

Laka ce ta sa gwamnatoci suka san da zaman ramin. Akwai tutiya da jan ƙarfe da azurfa da ɗan zinariya a cikinta, shi ya sa Sudan da Saudiyya suka ƙulla yarjejeniya a 1974 cewa arzikin tsakiyar tekun nasu ne su biyu. An gwada haƙa, farashin ƙarfe ya faɗi, aka jingine, aka sake ba da lasisi a 2010. A ganina, duk ranar da aka tashi haƙar da gaske, sharaɗin farko shi ne a gama tattara ƙananan halittun wurin a adana su, a kuma keɓe wani yanki da injin ba zai taɓa ba.

Wurin da ya fi cika da rai shi ne iyakar da ruwan gishirin ya haɗu da ruwan teku. Ruwan gishirin na ɗauke da amoniya, sinadarin nan mai zarni da ke sa ido hawaye a kejin kajin da ba a share ba. Ga yawancin halittu, yawanta guba ne: tana kutsawa ta fatar ƙwayar halitta ba shamaki, ta dagula ma'aunin tsamin da ƙwayar ke samun ƙarfi da shi. Amma masu bincike na jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, sun tarar da wasu halittu a wannan iyaka da amoniyar ce abincinsu. Suna ƙona ta da ɗan iskar da ke saukowa daga sama. A maƙwabcin ramin, wanda ake kira Discovery, akwai wasu bakteriya da ba sa ma buƙatar iskar. Suna haɗa amoniya da wani sinadari mai suna nitirait su fitar da iskar naitirojin, kuma a tsakiyar aikin sai sun ƙera haidirazin, wanda ake zuba wa kumbo a matsayin mai. Cikin wani ɗaki mai kaurin bango a jikinsu suke wannan haɗi mai haɗari. Danginsu ne aka fara ganowa a wata matatar ruwan ƙazanta a Holan a shekarun 1990, yau kuma da su ake tace ruwan a birane da dama, da wutar lantarki ƙasa da ta tsohuwar hanya.

Na san amsar da zan sha a majalisa: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sudan na cikin yaƙi tun Afrilun 2023, 'yan'uwanmu da yawa sun bar gidajensu, wa ke ta bakteriya? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ƙarfen ba zai gudu ba, ya shekara dubbai a kwance. Ruwan da ke samansa kuwa hawa-hawa yake, kowane hawa da zafinsa da mazaunansa, kuma bututun da zai zuƙo laka sai ya dama su.

Batun kuɗin ma ba a gefen ƙarfe kaɗai yake ba. A 1966 Thomas Brock ya ɗebo wata bakteriya daga ruwan zafin Yellowstone a Amurka. Sinadarin jikinta mai jure zafi shi ne ginshiƙin gwajin PCR, wanda kusan duk matafiyi ya biya kuɗinsa lokacin korona. Daga Atlantis II ɗin ma, masana a Jami'ar Amurka da ke Alƙahira sun samo sinadarin da ke karya dafin zaiba cikin zafi da gishiri, kuma mun san irin zaibar da masu haƙar zinariya ke zubarwa a Sudan.

Abin da ke damuna shi ne rabon. Yarjejeniyar 1974 ma'adinai ta sa a gaba, manyan ɗakunan binciken kuwa a gaɓar gabas suke. Port Sudan na da Jami'ar Bahar Maliya, kuma akwai 'ya'yan Hausawa masu karatun kimiyya a gaɓoɓin biyu. Ya kamata duk samfurin da aka ɗebo daga yankin haɗin gwiwar a ajiye rabinsa da sunan Sudan, a kuma ware wa ɗalibanta gurabe a jiragen binciken tun yanzu, ba sai yaƙi ya ƙare ba.