Bindigar Sarkin Baka Ta Sha Mai

(Maharbi ya iso da bindigarsa mai baki biyu, baƙin mai na ɗiga daga bakinta. Bakanike na biye da shi yana goge hannu.)

TSOHON SOJA: Dakata nan! Kafin mu gaisa, karya ta in ga ba harsashi a ciki. Kuma kawar da bakinta daga tumbina.

MAHARBI: Kwantar da hankalinka, Baba Saja, ko da harsashi ba tashi take ba. Jiya na ja kunama sau uku, zomo na tsaye yana kallona kamar yana bi na bashi.

TSOHON SOJA: Me ka ɗura mata haka?

MAHARBI: Tsatsa na gani, sai na fara da man girki. Bayan wata guda ta yi danƙo tana wari. Shi ne wannan bawan Allah ya tsoma min ita a man da ya juye daga inji.

BAKANIKE: Yallaɓai, man da ya riƙe tirela, bindiga ce za ta gagare shi?

TSOHON SOJA: Man da tirelar ta gama da shi dai! Duk ƙurar ƙarfe da dattin inji na cikinsa. Ya shiga wajen allurar da ke dukan harsashi ya daskare, da me za ta buga?

BAKANIKE: To a fesa mata WD-40, maganin komai.

TSOHON SOJA: Wannan a 1953 aka haɗa shi a Amurka don korar ruwa, kada jikin roka ya yi tsatsa. In ruwan sama ya jiƙa ta, fesa ka goge. Amma ba shi da kauri, ba ya daɗewa a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe.

MAHARBI: Roka! Ni da nake neman zomo.

TSOHON SOJA: Aiki uku ne, ɗana. Akwai mai wanke dattin albarushi, irin su Hoppe's No. 9. Akwai mai sa santsi. Akwai mai hana tsatsa. Wanda ake kira CLP ya haɗa ukun, shi sojojin Amurka ke amfani da shi. Abin da ke juyawa a ɗiga masa mai, abin da ke zamewa a shafa masa ɗan giris.

MAHARBI: Kofi nawa?

TSOHON SOJA: Kofi? Ɗigo! Ɗigo biyu a tsumma, ka shafa har ƙarfen ya yi sheƙi ba tare da ya jiƙe ba. Cikin bututun kuwa, kafin harbi ka zura busasshen tsumma ya kwashe man. In ya yi yawa ƙura yake kamawa, a sanyi kuma ya yi kauri. Tambayi Jamusawa yadda makamansu suka sandare a Rasha a hunturun 1941.

BAKANIKE: To a daina sa mata komai mana, a huta.

TSOHON SOJA: An gwada. A yaƙin Biyetnam aka raba wa sojojin Amurka bindigar M16 ba kayan goge ta, wai ita ke wanke kanta. Ta riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, sai da majalisar Amurka ta yi bincike a 1967. (Ya juya ga Maharbi.) Wai ina kwalbar man Ballistol da na ba ka bara? Tun 1904 Jamusawa ke yin sa, ƙarfe da katako da fata duk yana yi.

MAHARBI: Ai fatar na ji ka ce.

TSOHON SOJA: Fatar maratayin bindiga!

MAHARBI: (Ya ɗaga diddige.) Amma Baba, dubi fason nan. Ko alamarsa ka gani?

BAKANIKE: Ni dai kafin ku wanke ta, a tara min kwano a ƙasa. Man nan aro na ba shi.