Annabi Isa ma namu ne, ƴan uwa

Assalamu alaikum. Dan Allah masu tura mana guntayen South Park a status da sitika ku ɗan tsaya mu yi magana.

Katun ne na Amurka, tun 1997 tashar Comedy Central ke haska shi, Trey Parker da Matt Stone ne masu shi, kuma ba na yara bane ko kaɗan duk da zanen kamar na ƴan firamare. A zango na 14, watan Afrilun 2010, suka fitar da kashi biyu masu suna 200 da 201 inda suka sako Manzon Allah (SAW) cikin shirmensu. Wasu matasa na wata ƙungiya da ke New York suka yi musu barazana a intanet, sai tashar ta tsorata, a kashi na biyun hoton a rufe yake da baƙin tambari, sunan ma duk inda aka ambata sai ka ji ƙara ta danne shi, daga baya aka janye kashin biyu gaba ɗaya.

Barazanar nan ba ta kare martabar kowa ba wlh. Ɗaya daga cikin matasan shekara 25 aka yanke masa a kurkuku kan wannan da wasu laifukan, sannan a watan Mayun 2010 wasu suka ware rana guda ta zanen ɓatanci don ramuwa, har sai da Pakistan ta toshe Facebook na ɗan lokaci. Abin da ake gudu ya ninka.

Amma ni abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya daban ne. A cikin kashin nan dai an nuna Annabi Isa (AS) an jingina masa kallon batsa, wa'iyazu billahi, ba wanda ya rufe shi da komai. Tun farkon shirin suke wasa da shi, har damben zamani suka haɗa shi da shaiɗan, Annabi Musa ma bai tsira ba. To mu da muke karanta ƙarshen Baƙara kullum dare, muna cewa ba ma bambantawa tsakanin ko ɗaya daga manzanninsa, ya akai jininmu ke tafasa a kan ɗaya amma a kan ɗayan sai ka ga ɗan musulmi ya tura yana sa alamar dariya har da hawaye, wai ai na kiristoci ne? Su Sri Lanka saboda an nuna Buddha, jagoran addinin Buddha, yana shaƙar hodar iblis suka haramta shirin kacokan a ƙasarsu.

Za ka ce ai kashin da kake kallo ba addini a ciki, wasa ne kawai. Haka munafukai suka ce a hanyar Tabuka, hira muke da wasa, duba Tauba aya ta 65 da 66 ka ga amsar da aka ba su. Nisa'i 140 kuma ba ta ce ka zagi kowa ko ka ɗau makami ba, cewa tayi in kun ji ana izgili da ayoyin Allah kar ku zauna da su har sai sun shiga wani zancen, in ba haka ba kun zama kamarsu. Zaman yanzu a waya ake yinsa, da datar da ka saya da kuɗinka.

Iyaye kuma, yaro ya lafe a ɗaki da iyafis kin leƙa kin ga zane kin ce katun yake kallo, Hajiya ki karɓi wayar ki ga wane katun ne.