Kuɗin Gem Ɗina da Ragon Layya

Ni tun zamanin na'urar gem ta PS2 gem ɗin nan GTA ya kama ni. A gidan gem na bayan layinmu muka koyi GTA San Andreas, lambobin kiran mota da makami rubuce a bayan littafin lissafi. Mai gidan ba ya ba mu katin ajiya, saboda haka da an ɗauke wuta, gobe sai ka dawo ka sake hawa keken CJ, jarumin gem ɗin, daga farko.

GTA V ya fito a Satumbar 2013, ina saurayi, ko zance ban fara zuwa ba. Na yi aure, aka haifi Hanifa, ta shiga firamare, na shida bai zo ba. Shi kuwa na biyar ɗin sai sauya riga yake, daga PS3 zuwa PS4 zuwa PS5.

A Disambar 2023 kamfanin Rockstar, masu yin GTA, suka saki tallan farko na GTA VI. Ga birnin Vice City na tsohon GTA ya dawo, ga wata Lucia da kayan fursuna, a ƙarshe aka rubuta 2025. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da yake gem ɗin sai a PS5 ko sabon Xbox, washegari na sa kafinta ya buga min asusun katako, na ɓoye shi a saman wadirob, bayan kwalin huluna. Duk ɗan abin da ya ragu daga kasuwa, can nake zurawa.

Ashe Maman Hanifa tana goge saman wadirob.

A farkon Mayun 2025 aka ce an ɗage fitowar zuwa 26 ga Mayun 2026. Na shigo gida jiki a sanyaye, tuwo ma sai juya shi nake. Ta tambaye ni ko rasuwa aka yi, na ba ta labari. Ta yi min jaje sosai, har da "Allah ya sa haka ne mafi alheri". Sai ta gyara zama.

"Abban Hanifa, tunda sun ƙara shekara guda, ai katakon nan na sama ba shi da aiki yanzu. Ga Babbar Sallah saura wata ɗaya."

Ita ta miƙo min guduma da hannunta. Ragon da aka sayo fari ne mai baƙin kunne, yana kallona ina kallonsa. Ƙanena Sani ya raɗa masa suna PS5, yaran layi suka ɗauka. Ranar yanka har maƙwabta ke leƙowa suna tambayar ko an feɗe PS5 ɗin. Ba zan ɓoye ba, ya yi kitse.

Na sake buga wani asusun, na kai shi shago. Ranar da aka sa ɗin ma da na duba kalanda, sai na ga ta faɗa bakin wata Babbar Sallar, na ce to, wannan karon sai dai a ci kaza.

Wata safiya a Nuwamba ina alwala, ta tsaya a kaina da waya a hannu. Matar da ba ta san inda ake kunna gem ba.

"Ka ji sun sake ɗagawa? Sai 19 ga Nuwamban 2026."

Na ce wa ya faɗa mata? Ta ce Sani ta sa, duk lokacin da Turawan nan suka yi motsi ya sanar da ita kafin ni. A ɗaya hannun kuwa takardar kuɗin makarantar Hanifa ce, a ninke.

Da yamma na tare Sani a zaure zan ci masa mutunci, sai yaron nan ya fara ba ni haƙuri da tarihi. Wai in gode Allah, akwai wani gem Duke Nukem Forever da aka yi shelarsa a 1997, bai fito ba sai 2011, kuma da ya fito ma mutane suka yi tir da shi.

Ban san tana bayan labule ba. Sai ga kanta ya leƙo, fuskar nan fal annuri.

"Sani, shekara 14 ka ce?"

"Eh, Anti."

Ta ɗan ƙirga da yatsu, ta dube ni.

"Abban Hanifa, ka ci gaba da tarawa. In suka yi irin wannan, har gado da kujerun Hanifa sun fita."