Hasashen Yanayi Bai Kamata Ya Tsaya A Saukar Damina Ba

Duk shekara, wajen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, takan tara jama'a a Abuja ta gabatar da hasashenta na shekara. Minista ya halarta, 'yan jarida su cika zaure, washegari kowace kafa ta ɗauka: ga lokacin da damina za ta sauka a Sakkwato, ga inda ake fargabar tsaikon ruwa, ga inda ruwan zai wuce yadda aka saba. Aiki ne mai kyau, kuma fassara shi zuwa Hausa da aka soma yi a 'yan shekarun nan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Abin da ke damuna shi ne shirun da ke biyo baya da zarar Satumba ta kama. A lokacin manomi ya gama zuba duk abin da ya mallaka a ƙasa, iri da taki da kuɗin ƙwadago, wani ma har da bashi, yana jiran ya kwashe. A nan ne ya fi buƙatar a gaya masa abin da sama ke shirin yi, kuma a nan ne ba ya samun mai gaya masa.

Idan shuka ta ƙone a Yuni, akan sake wata. Amfanin da ya lalace a Oktoba kuwa sai baɗi.

A dubi mai gyaɗa. Yana so ya tuge ta ƙasa na da sauran laima, domin in ruwa ya ɗauke da wuri ƙasa ta ƙeƙashe, rabin 'ya'yan a ciki za su maƙale, sai an bi da fartanya ana tono ana roro. In kuma ya tuge ya baje ta a gona tana shan iska, sai ga wani ruwa ya sauko bayan kowa ya ɗauka an gama, to asara biyu ce ta same shi. Harawar da yake sa ran sayar wa masu kiwo da rani ta yi baƙi ta ruɓe, ƙwanson kuma ya sha laima ya kama fumfuna. Wannan fumfunar ita ke haifar da gubar aflatoksin, wadda ke lahanta hanta, take kuma sa a ƙi karɓar gyaɗa da masararmu a kasuwannin waje. Mai riɗi a Jigawa ya yanka ya ɗaure ya jingina shi tsaye, yana lissafin kwanakin da zai bushe kafin ya shimfiɗa tamfol ya kakkaɓe. Iska da ruwan dare ɗaya sun isa su zubar masa da wahalar wata uku. Mai wake yana son ruwa ya ɗan ƙara har fure ya ƙulla, daga nan kuma ba ya son ko ɗigo. Mai dawa, musamman irin farafara da kaura da ke kaiwa Nuwamba, addu'arsa ita ce a sami ruwa ɗaya ko biyu na ƙarshe da za su bar laimar da zangarniya za ta cika da ita. Gona ɗaya ma tana iya haɗa duk waɗannan buƙatun masu karo da juna, tunda manominmu gauraya shuka yake yi. Shawarar yau a tuge ko a bari sai jibi, a shanya a fili ko a kai rumfa, ta rataya ne a kan sanin abin da kwana uku zuwa goma masu zuwa za su zo da shi.

Ba wai ilimin ne babu ba. Masana sun san abin da ke kawo ƙarshen damina. Iska biyu ke ja-in-ja a samanmu: mai laima da ke tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke gangarowa daga Sahara. Iyakar da suke haɗuwa takan haura arewa sannu a hankali tun daga bazara, ta kai ƙurewarta a Agusta lokacin marka, sannan ta juyo kudu da sauri fiye da yadda ta hau. Shi ya sa ruwa kan fara ɗaukewa a Damagaram da Maraɗi da Nguru da Katsina, Kano ta biyo baya, Zariya ta ɗan ƙara kwanaki, Kafanchan da Abuja su yi ta sha har ƙarshen Oktoba. Ana bin sawun wannan iyaka kullum ta tauraron ɗan'adam. A cikin kundin da NiMet ke fitarwa a farkon shekara ma akwai ranakun da ake sa ran ruwa zai ɗauke a garuruwan kowace jiha. Sai dai ranar da aka hasaso wata takwas kafin lokacinta kirdado ce mai faɗi, duk masanin gaskiya zai faɗa maka haka. Tana buƙatar a sabunta ta a ƙarshen Agusta, a sake duba ta tsakiyar Satumba, kuma a yi wa sabuntawar irin shelar da aka yi wa ta farko. Hasashen kwana uku da hukumar ke fitarwa kuwa, yadda yake isowa jaridu, jihohi yake lissafawa. A ce za a yi tsawa da ruwa a wasu sassan Borno, to Biu ake nufi ko Damasak? Tsakaninsu akwai tafiyar yini, kuma daminarsu ba ɗaya ba ce.

Wani zai ce ai sanin gaibu sai Allah. Haka ne, babu mai ja. Amma hasashen yanayi ba duba ba ne, lura ce da alamomin da Allah Ya shimfiɗa a cikin halittarSa, kuma iyayenmu sun daɗe suna yin ta. Dattijo a ƙauye yana kallon ranar da shamuwa ta bar gari, yana ganin gawo ya soma fitar da sabon ganye bayan ya yi damina tsirara, yana jin raɓa ta yi nauyi da asuba, iska ta fara juyawa, sai ya ce wa 'ya'yansa a kintsa, ruwa ya kusa sallama. Malaman da ke lissafin taurari suna da nasu ƙidayar, kowane tauraro da kwanakinsa goma sha uku. Abin da na'ura ta ƙara shi ne nisan gani: tana hango hadarin da ya haɗu a Chadi tun kafin ya ƙetaro. Manomin da ya yarda da shamuwa ba zai ƙi ma'auni ba, muddin ma'aunin ya nuna masa cewa maganarsa na fitowa.

A nan ne na ga babban giɓin, kuma ya fi na hasashen kansa girma. Ba mu da al'adar waiwaye. A Ingila, da wata ya ƙare, hukumar yanayinsu takan fitar da bayanin yadda ya kasance: ruwa nawa ya sauka a kowane yanki, zafi ya kai ina, ya aka yi in an gwada da matsakaicin shekaru talatin, wato 1991 zuwa 2020, wanda shi ne ma'aunin da hukumar yanayi ta duniya ke aiki da shi yanzu. A Amurka ofisoshin yankuna ke yin haka gari-gari, jaridun garin su buga. Mu ma ana rubuta irin waɗannan rahotanni, na wata-wata da na kwana goma-goma, amma da Turanci suke, a intanet suke zaune, masu bincike a jami'a ne ke buɗe su. Mutumin Ɗambatta ko Gumel bai taɓa jin an ce masa: a Satumbar nan milimita kaza ta sauka a garinku cikin kwana kaza, abin da aka saba kaza ne, mun ce ruwa zai ɗauke ranar kaza, ga ranar da ya ɗauke, mun dace a nan, mun kuskure a can ba.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ke sayo amana. Ɗan kasuwar da ke buɗe littafinsa gaban abokin ciniki, riba da faɗuwa duka a gani, shi ake ba ajiya. Idan hukuma ta yi hasashe ta wuce ba ta waiwayo ba, abin da jama'a za su riƙe shi ne ranar da aka ce za a yi ruwa aka wuni ana rana, su manta da sau goman da aka dace. Daga nan sai gargaɗi ya zama abin wasa, kuma ranar da gargaɗin ya zama na rai da mutuwa ba mai motsawa. Mu tuna cewa manyan ambaliyoyinmu a bakin kaka suka fi yin ɓarna, lokacin da ƙasa ta ƙoshi, madatsun ruwa suka cika. Ta 2012 ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu. Ta 2022 ta ci rayuka fiye da 600. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri cikin dare, a shekarar da Nijar ta ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba saboda ambaliya. Mutanen da aka saba gaya wa gaskiyar ruwan garinsu wata bayan wata, su ne za su tattara yara su hau tudu in an ce su tashi.

Na san amsar da za a bayar: ba za a faɗi ruwan da ba a auna ba, kuma tashoshin awo sun yi kaɗan. Gaskiya ne. Hukumar yanayi ta duniya ta sha faɗin cewa yawan tashoshin Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. NiMet kuma a ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama take, don haka ba abin mamaki ba ne idan filayen jirgi ne suka fi samun kayan aiki. Amma ma'aunin ruwan sama ba jirgi ba ne. Mazubi ne mai zane-zanen lamba a jiki, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo, kowace safiya a duba inda ruwa ya tsaya, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Ɗalibin aji biyar zai iya. Mali ta gwada wannan tun 1982: aka raba wa manoma ma'aunai, suna aiko da abin da suka gani, masana yanayi da malaman gona su zauna duk kwana goma su fitar da shawara, rediyo ta watsa da harsunan gida. Senegal ta yi makamancinsa a yankin Kaffrine daga 2011 tare da rediyoyin karkara. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, tana nan a Yamai, aikinta ke nan na horar da mutane a kan wannan fanni. Kano na da ƙananan hukumomi 44. A ce kowace sakandaren gwamnati da kowane ofishin malamin gona na da ma'auni ɗaya, ana turo lambar ta waya, cikin shekara biyu jihar za ta san daminarta fiye da yadda ta taɓa saninta.

Kuma ba manomin damina kaɗai zai amfana ba. A Nijar hukumomi kan sa ranar sakin gonaki, wadda kafinta makiyayi ba shi da izinin shigar da dabba cikin karan gona. Idan ruwa ya ɗauke da wuri a arewa, tafkuna suka ƙafe, garke zai gangaro tun dawa na tsaye, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Hakimin da ya san haka tun mako uku kafin lokaci zai iya zaunar da ardo da sarkin noma a daidaita hanya da rana. Mai alkama a Kadawa ko kwarin Haɗeja yana so ya shuka tsakiyar Nuwamba don ta sami sanyin hunturu, saboda haka zuwan sanyin da wuri ko jinkirinsa lissafin kuɗi ne a wurinsa. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi takan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ta rufe Kano, lokacin da ya isa a sanar da mai asma da direban da zai kama hanya, ba matuƙin jirgi kaɗai ba. Ma'aikatan lafiya kuma sun san bushewar iska da ƙura su ne ke buɗe wa sanƙarau ƙofa. Hatta 'yan kasuwar Dawanau, da suke sa farashi a kan jita-jitar yadda damina ta kaya, gara su sa shi a kan lamba.

Ba na ganin wannan nauyi ne na Abuja ita kaɗai. NiMet ta sabunta hasashen ɗaukewar ruwa a bainar jama'a, ta kuma riƙa bayyana inda ta dace da inda ta kuskure. Gidajen rediyonmu, da suka fi kowace kafa shiga karkara, su ware minti goma a makon farko na kowane wata, a kawo masanin yanayi da malamin gona su karanta lissafin watan da ya wuce gari-gari da Hausar da tsohuwa za ta gane, a buɗe waya manoma su faɗi abin da suka gani a gonakinsu, ko da ya saɓa wa na hukuma. Gwamnonin Arewa kuwa a watannin ƙarshen shekara ne sukan shirya kasafin kuɗin shekara mai zuwa, wanda sukan kai majalisun jihohi kafin shekara ta ƙare. Kuɗin ma'aunai, da ɗan alawus na masu karanta su, da kuɗin filin rediyo na shekara guda, duka ba su kai na tirela kaɗan na takin da ake rabawa a bikin buɗe damina ba. 'Yan majalisar da mazaɓunsu manoma ne su nemi wannan layin a cikin kasafin ma'aikatar gona, in babu shi su sa a saka kafin su amince.