GC-MS kaɗai ba ta tabbatar da tsabtar sinadari

Masu neman na'urar gwaji da dama suna ɗauka cewa muddin GC-MS, na'urar da ke rarrabe sinadarai a matsayin tururi sannan ta auna nauyin ƙwayoyinsu, ta fitar da tsini guda mai kashi 99 cikin ɗari a zanen sakamakonta, to sinadarin tsarkakakke ne. Ba haka ba ne. Abin da ya zama tururi a mashigar samfur kawai take gani, inda zafi kan kai wajen digiri 250. Gishiri, ƙarafa da manyan ƙwayoyin da ba sa tashi can suke maƙalewa a bututun gilashin mashigar, ba sa kaiwa ga ma'auni. Ruwa ma yakan kuɓuce, domin ana kashe filamen, wato zaren wutar da ke sa ma'aunin ya iya ganin ƙwayoyi, a mintunan farko, sannan binciken nauyi galibi daga 35 ko 40 yake farawa, shi kuwa ruwa nauyinsa 18 ne.

Faɗin tsinin ma ba shi ne adadin sinadarin ba. Kowane sinadari da yadda yake amsa wutar 70 eV da na'urar ke farfasa ƙwayoyi da ita, babban tsini kuma yakan cika ma'aunin har lissafi ya karkace.

Don haka kafin a zuba kuɗi a GC-MS mai matatar nauyi uku (matata ita ce sashen da ke tace ƙwayoyi bisa nauyinsu), a duba: mai matata ɗaya haɗe da FID, ma'aunin da ke ƙona sinadari a harshen wuta don auna yawansa, da gwajin Karl Fischer na auna ruwa, sun fi dacewa da wannan aikin.