Tarkace a Wurinmu, Ado a Wurinsu

Wata abokiyar aikina Baturiya ta gayyace mu gidanta a Landan, kuma abin da na gani a falonta ya tsaya mini a rai. An shafe bango da koren fenti mai duhu, hotuna sun hau tun daga bayan kujera har rufi, farantan tangaran sun jeru a saman ƙofa, an shimfiɗa darduma a kan darduma, labulen kuma furanni ne ja da rawaya. Baƙi suka yi ta yabo, suna cewa matar ta san ado.

Ba sai na bayyana muku ɗakunan da muka tashi a cikinsu ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, irin wannan cikar ce wasu 'yan bokonmu suke kira ƙauyanci, suna kwashe kaya su bar farin bango da kujera mai ruwan toka, wai sun waye. Alhali Turawan da ake kwaikwayo ba su taɓa daina cika ɗaki ba. A Landan, gidan Sir John Soane, Bature mai zanen gine-gine da ya rasu a 1837, yana nan maƙil da gumaka da zane-zane, har bangon ɗakin hotunansa buɗewa yake kamar ƙofar kabad domin a sami wurin rataye wasu, kuma tun 1833 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar adana shi yadda yake.

Gaskiya ne kaya masu yawa suna tara ƙura, kuma idan ba a maimaita launi ɗaya ko biyu a sassan ɗakin ba, ido yakan gaji. Wannan kuwa tsari yake buƙata, bai kai a kwashe kaya ba.

Ni a gidan haya nake, bangona ruwan madara kamar na maƙwabtana, kuma yarjejeniya ta hana ni fenti ko buga ƙusa sai da izini, in ba haka ba a zaftare kuɗin ajiyata, wanda a Ingila yakan kai kuɗin hayar mako 5. Shi ya sa nake mamakin wanda ya gina gidansa da guminsa, babu mai hana shi komai, amma ya zaɓi ya zauna a cikinsa kamar ɗan haya.